Tantin da zan iya shanyawa

Yau kwana huɗu da dawowata daga Tewkesbury, amma har yanzu duk wanda ya shigo falonmu ƙaurin hayaƙin itace ne ke fara yi masa maraba. Na wanke rigar lilin sau biyu, na shanya wandon ulu a bakin taga, na goge kwalkwali da mai na rataye shi, ƙaurin yana nan daram. Ba daga tufafin yake fitowa ba. Daga yadin tantin da na kwaso jiƙe sharkaf ne, wanda ya kwana uku a baje a kan kujeru da ƙofofi da ƙarfen matakala, har yara sai sun sunkuya kafin su wuce kicin. Tantin ba nawa ba ne, aro ne, kuma da gangan aka ba ni shi a jiƙe.

Tewkesbury ƙaramin gari ne a yammacin Ingila, daidai inda kogin Avon ke haɗuwa da kogin Severn, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga Birmingham inda nake zaune. Ranar 4 ga Mayu 1471 aka gwabza yaƙi a kudancin garin tsakanin gidan York da gidan Lancaster, masu jayayya kan gadon sarautar ƙasar. Sarauniya Margaret ta Lancaster ta so ta ƙetare Severn ta shiga Wales ta haɗu da magoya bayanta, aka rufe mata ƙofofin birnin Gloucester, dole ta ja rundunarta a gajiye zuwa mashigi na gaba, nan Sarki Edward na Huɗu na gidan York ya cim musu. Ɗanta tilo, Yarima Edward, mai shekara 17, a ranar ya mutu. Wasu manyan mayaƙanta suka gudu cikin babban cocin garin neman mafaka, aka fito da su, bayan kwana biyu aka fille wa kwamandansu Somerset kai a tsakiyar gari. Filin da aka fi zubar da jini har gobe sunansa ke nan, Fadamar Jini. Tun shekarun 1980, duk watan Yuli mutane ke taruwa daga ko'ina cikin Turai su kafa sansani a gefen garin, su sa tufafin wancan zamani, su sake buga yaƙin a gaban jama'a. Shiga kyauta ne. Titunan garin kuwa duk an rataye musu tutoci masu tambarin gidajen da suka yi yaƙin.

Bana ne zuwana na uku a matsayin ɗan wasa, ba ɗan kallo ba. Maharbi nake fitowa, a ɓangaren York. Mutane kan tambaye ni me ya kai Bakatsine cikin yaƙin basasar Turawa. Ni na tashi ina tsayawa a bakin hanya ranar hawan sallah ina jiran wucewar 'yan lifidi da 'yan sulke, kuma ban taɓa samun damar taɓa kayan ba. Ranar da na fara zuwa kallo a nan, wani ya miƙo mini rigar sulke ya ce in ɗaga in ji nauyi. Na ɗaga, na ga zobban nan a sarƙe kamar yadda na san su daga nesa, sannan na ga rigar da maharba ke sawa, yadin lilin ninki kan ninki an ɗinke shi dam, wato lifidi dai. Daga ranar ban sake komawa bayan igiyar 'yan kallo ba.

Sansani iri biyu ne. Akwai wanda 'yan wasa da kansu ke kira sansanin roba, can baya inda jama'a ba sa zuwa, nan ne masu tantin leda na kanti da motocin kwana ke sauka. Akwai kuma sansanin tarihi, wanda ake buɗe wa masu kallo da rana, kuma a ƙungiyarmu doka ce kada ido ya ga wani abu da ba a san shi ba a 1471. Ba agogo, ba robar ruwa, ba waya. A tukunya ba dankali, ba tumatir, ba barkono, don duk daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Abin da ake dafawa fate ne na sha'ir da wake da albasa da kabeji, kuma tun zuwana na farko masu girkinmu suke ware mini ƙaramar tukunya da ba a sa mata naman alade, ba tare da na roƙa sau biyu ba. Butar roba ta zauna a mota, na sami ta yumɓu a wurin wani maginin tukwane da ke baje koli a kasuwar bikin. Abin salla kuwa bai ba ni wahala ba ko kaɗan: buzu ne, kuma kusan kowane tanti a sansanin yana da buzun tunkiya a shimfiɗe.

Shekara biyun farko a sansanin roba na kwana. Bana aka ba ni aron wani tsohon tantin ƙungiya, ƙarami, irin mai rufi biyu da suka haɗu a sama suka gangaro har ƙasa, aka ce in na ji daɗin kwanan cikin sansanin tarihi to lokaci ya yi da zan nemi nawa. Na ji daɗi fiye da yadda zan iya faɗa. Idan jama'a suka watse da yamma, rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da kwata, sai ka ga hayaƙi yana tashi daga murhu talatin ko fiye, ana buga ƙaramin ganga a wani layi, maƙeri yana ta gyaran abin da aka lanƙwasa da rana, kuma ko fitilar lantarki ɗaya babu. Sai dai tantin gajere ne, tsayinsa bai kai kafaɗata ba. Sallar magariba da isha'i a waje na yi su, a bayan tanti kan ciyawa.

Daren Asabar aka yi ruwa. Ba irin namu na Agusta mai tsawa da iska ba, irin nasu ne, siriri, mai naci, wanda ba ya ɗaukewa. Asuba a Yulin Ingila wajen uku na dare take yi. Na farka na tarar jakar kayana ta jingina da bangon tanti, kuma daidai wurin ruwa yana tsattsafowa, ya jiƙa mini bargo gefe guda. Ina ƙoƙarin janye jakar sai na hangi haske yana yawo a waje. Na leƙa. Wani dattijo ne a ƙungiyarmu, ya haura saba'in, ni Baba nake ce masa tun yana dariya har ya saba. Yana lulluɓe da alkyabbar ulu, fitilar kyandir a hannu, yana bin igiyoyin babban tantinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsuguna, ya kama ɗan katakon da ke jikin igiya, ya zame shi kamar kamu ɗaya, ya matsa gaba.

Na ce, "Baba, ƙara ɗaurewa kake yi?"

Ya ce, "Sassautawa nake yi. Zo ka taɓa."

Na taɓa wadda bai kai gare ta ba tukuna. Ta yi tsam kamar tsirkiyar baka. Ya ce igiyar zaren tsiro idan ta sha ruwa kumbura take yi ta gajarce, yadin ma haka, to in ka bar su a yadda ka ɗaure da rana, ko turke ya tumɓuke, ko ɗinki ya yage, ko sanda ta karye. Ya zagayo ya sassauta nawa guda biyu, ya haska wurin da ke yoyo, ya ce ba huji ba ne. Zaren auduga in ya jiƙe shi ke toshe ƙofofin saƙar da kansa, ruwa ya gangara ta waje, amma da zarar wani abu ya taɓa shi ta ciki, ya ja ruwan ke nan. Sannan ya ce in shiga nasa in yi sallata, tunda ya lura a waje nake yi.

Nan ne zuciyata ta tafi. Tantin Baba zagayayye ne, faɗinsa mita 5 a ƙasa, dirka ɗaya a tsakiya, a jikinta akwai wani katako kamar cibiyar ƙafar amalanke wanda sanduna ke fita daga cikinsa ta kowane ɓangare suna tokare bakin rufi, kamar haƙarƙarin laima. Bangon a tsaye yake, ya fi ni tsawo. Ratsin shuɗi da ja-ja mai duhu, launin gidan York, sun sauko daga ƙololuwa har ƙasa. Ga gadon katako, ga akwatuna biyu, ga teburi. Na shimfiɗa buzu ina fuskantar kudu maso gabas, na tsaya cak ba sunkuyo, ruwa yana ta kaɗa rufi a samana, ko ɗigo bai sauko ba. Kafin in sallame na riga na yanke shawara a raina: irin wannan zan saya.

Da safe na faɗa masa. Bai ce a'a ba, bai ce e ba. Ya tambaye ni hawa na nawa nake zaune, na ce na biyu. Akwai fili a bayan gida? Babu. Gareji? Babu. Wa ke taya ni kafawa? Na ce yawanci ni kaɗai nake zuwa ranar Juma'a bayan an tashi aiki, iyali sai Asabar. Ya yi shiru, sannan ya ce bayansa na damunsa, ko zan taimaka in tafi da yadin tantinsa gida in shanya masa, in kawo masa mako mai zuwa, shi zai tafi da sanduna. Ya ce, "In ka dawo da shi kana sonsa har yanzu, ni zan raka ka wurin mai ɗinkin."

Ranar Lahadi aka sake buga yaƙin, muka harba kibanmu masu kan roba sama su sauko a kan garkuwoyin Lancaster, bindigogi suka yi ta aman farin hayaƙi, aka tashi. Ruwa ya dawo daidai lokacin kwashe kaya. Mu huɗu muka sauke tantin, muka naɗe shi yana zuba, mu biyu muka ɗaga shi zuwa but. Gilasan motar suka yi ta hazo tun daga babbar hanyar M5 har gida.

Ƙarfe goma na dare na fara hawa da shi, rufi daban, bango biyu daban, sawu uku. Ba a barin irin wannan yadi a naɗe ko na kwana biyu. Funfuna ke kama shi, baƙaƙen ɗige-ɗige da ba sa fita, daga baya zaren ya ruɓe, kuma tantin amana ne. To ina za a baza shi? Da na zauna na yi lissafi daga baya, yadin ya kai murabba'in mita 50, falonmu kuwa 16 ne. Rufin na ɗora a kan kujerun cin abinci guda huɗu da teburi, ya yi tudu a tsakiyar ɗaki. Bango ɗaya ya bi ƙarfen matakala, ɗayan na rataya rabinsa a ƙofar banɗaki rabi a cikin bahon wanka. Na jera tawul a ƙasa. Duk bayan awa uku ko huɗu sai na juya shi, don wurin da ya ninku ba ya bushewa, kuma bakin ƙasa da wuraren da aka ruɓanya ɗinki sun fi ko'ina riƙe ruwa. Na buɗe tagogi, na aro na'urar tsotse danshi a wurin maƙwabci, ina zubar da ruwanta safe da yamma. Hausa ta yi gaskiya da ta kira rumfar yadi laima, ta kuma kira danshi laima. A gidana kwana ukun nan abu ɗaya ne.

Daren Talata uwargida ta same ni ina shafa ɗinkin bakin rufi ina neman sauran sanyi. Ita ma tana son zuwa bikin nan, ita ta ɗinka wa yara rigunansu da hannu. Ta ce, "Abban yara, sau nawa kuke fita a shekara?" Na ce biyar, wani lokaci shida. Ta ce, "A cikin shidan, sau nawa ake dawowa da kaya a bushe?" Ban amsa ba, don duk mun san ƙasar da muke. Ta ce, "Ni ban hana ka ba. Amma daidai ruwa daidai tsaki."

Laraba ya bushe ƙayau. Na ɗora a sikeli, kilo 22 ban da sanduna da turaku da igiyoyi. Na naɗe shi na ajiye a bayan ƙofa, na ɗauko takarda.

Wasu nau'o'in ban ɓata lokaci a kansu ba. Tantin 'yan Viking mai firam ɗin katako da kawunan dabbobi a sassaƙe, irin wanda aka tono katakansa a jirgin Oseberg na Norway da aka binne a 834, yana da kyau kuma ba ya buƙatar igiya, amma ya girmi zamaninmu da shekara ɗari shida, katakansa kuma sai an sa su a saman mota. Zagayayyen tantin auduga da ya cika kasuwa yanzu, mai zif da shimfiɗar roba a manne, daga tantin sojojin ƙarni na 19 aka ɗauko fasalinsa, ƙungiyarmu ba za ta bari a kafa shi a layi ba. Saura biyu: irin na Baba, da irin wanda aka ba ni aro amma babba.

Akwai abin da na daɗe ina kaucewa, shi ne tambayar wane ne ni a cikin sansanin. Zagayayyen tanti mai launi da tuta a ka na manya ne. A zane-zanen littattafan ƙarni na 15, sarakuna da kwamandoji ake nunawa a bakinsa. Lokacin da mutanen Suwizalan suka fatattaki Charles, mai mulkin Burgundy, a Grandson a 1476, tantunansa na alfarma suna cikin ganimar da aka yi ta labari. Baba jarumi mai sulken ƙarfe yake fitowa, yana da masu yi masa hidima a wasan, tantin ya dace da shi. Ni maharbi ne mai rigar lifidi da kwalkwali ɗaya. Maharbin gaske a rundunar Edward, wanda ya yi tafiyar yini guda cikin zafi yana bin sawun Margaret, in ya sami inuwar yadi ma ya gode. Idan yaro ya tsaya a ƙofar tantina ya tambaye ni nan nake kwana, ina so amsar da zan ba shi ta yi kusa da gaskiya. Wannan yana da nauyi a wurina, don saboda yaran nan masu tambaya ake buɗe sansanin.

Abin da ya rage shi ne tsayuwar salla, kuma a kansa ba zan sassauta ba. A zagayayye ko ina ka juya daidai ne. A mai rufi biyu kuwa tsawo a tsakiya kaɗai yake, ƙarƙashin sandar da ke kwance a sama, kuma ba ni ke zaɓar inda ƙofa za ta kalla ba, layin sansani ne ke zaɓa. Don haka na gwada a falo. Na ɗaura zare daga ƙugiyar fitila zuwa ƙafafun kujeru, na fitar da fasalin tanti mai tsayin mita 2.3 da faɗin mita 3, na tsaya a tsakiya ina fuskantar bango, wato mafi munin yadda za ta iya kasancewa. Tsayuwa lafiya lau. Sujada lafiya lau, da sauran wuri. Ruku'u ne kaina ya kusa shafar zaren, sai na ja baya taki ɗaya, ya wuce. Da na rage tsayin zuwa mita 2, wanda shi ne aka fi sayarwa, kai ya taɓa. Na riga na ga abin da taɓa jiƙaƙƙen yadi ke jawowa, saboda haka 2.3 ne ko babu.

Ga abin da na tsayar. Tsawo mita 3, faɗi mita 3, tsayi 2.3, bayansa a zagaye kamar rabin ɗakin kara don akwati da baka da kwari su sami wuri, gaba kuma ƙofa mai maɗaurai na igiya. Yadinsa murabba'in mita 27 ne ko kusa, rabin na Baba da ɗoriya kaɗan, zai hau ƙarfen matakala da ƙofa ɗaya ya bar mana falo. Sanduna uku kacal, biyu a tsaye ɗaya a kwance, ta kwancen a raba ta biyu da hannun ƙarfe a tsakiya. Na kwantar da kujerar gaba na auna motar da tef, masu tsayin suna shiga a karkace. Mutum ɗaya yana kafa shi: ka buga turakun kusurwa huɗu, ka shiga ciki da sanduna, ka ɗaga. Mu huɗu da yara za mu kwana a matse, amma za mu kwana.

Kan yadi na fi jinkiri. Na wancan zamani lilin ne ko zaren tsiro mai kauri, auduga ba ta yawaita a Ingila ba sai daga baya. Na taɓa tantin lilin a sansani, yana da wani irin faɗuwa da haske da auduga ba ta da shi, kuma raina ya biya. Amma kuɗinsa ya ninka, yana saki yana tsukewa da sauyin yanayi fiye da auduga, kuma wanda na tambaya ya ce sai ka yi haƙuri da feshi a farkon ruwa. Na zaɓi auduga mai kauri, wadda aka yi wa maganin funfuna da na wuta, launinta na asali ba rini. A sansanin da ke da murhu kowane taki goma, ga yara, maganin wutar nan ba abin wasa ba ne. Na san ba shi ne na tarihi tsantsa ba, kuma duk mai kallon da ya tambaye ni zan faɗa masa haka.

Ban daina son na Baba ba. Da nake naɗe shi jiya na tsaya ina kallon ratsin shuɗin nan na ɗan lokaci. Na kira shi na ce gobe zan kawo masa kayansa a bushe, kuma ina so ya raka ni wurin mai ɗinkin, sai dai ba irin nasa za mu yi oda ba. Ya tambayi tsayin, na faɗa masa, ya ce in ce a ƙara ninki a inda sanduna ke tokarewa, kuma idan ya iso kada in kai shi fili kai tsaye. In kawo shi bayan gidansa mu kafa, mu jiƙa shi da mesa ya bushe, sau uku, don ramukan allura su toshe.

Mai ɗinkin ya ce mako biyar. In Allah ya yarda zai iso kafin taron Bosworth na watan Agusta, inda ake tuna yaƙin 22 ga Agusta 1485. Turakun ƙarfe ake haɗowa da shi, ni kuma na katako nake so, don haka na karɓo guntayen itace masu tauri a wurin wani kafinta na fara feƙewa da yamma a kan jarida. Ashirin da huɗu nake buƙata, na gama tara.